Yadda zaka buga Fire Emblem: Three Houses ba tare da ɗalibanka sun ƙare a filin daga ba

Toh 'yan uwa, ga duk wanda ya ɗauki Fire Emblem: Three Houses a karon farko, musamman wanda bai saba da irin gem ɗin nan da ake yaƙi bi da bi ba, wato kai ka motsa mutanenka akan ƙananan akwatunan fili ka gama sannan abokan gaba su motsa nasu, wannan rubutun naka ne. Gem ɗin ya fito a watan Yulin 2019 akan Nintendo Switch, Intelligent Systems ne suka haɗa shi da taimakon Koei Tecmo, kai ne Byleth, malami a makarantar sojoji ta Garreg Mach, zaka zaɓi aji ɗaya cikin uku ka koyar dasu kuma ka jagorance su wajen yaƙi. Ni na gama shi sau biyu kuma har yanzu ina komawa, kuma abinda yafi komai canza min yadda nake bugawa shine ranar da na gane cewa mutanena basa mutuwa lokacin da nake kai hari, suna mutuwa ne bayan na gama motsi na, lokacin da abokan gaba suka karɓi fili.

Bari in baka yadda abin ya faru dani. Ina tare da Blue Lions, ɗaya daga cikin ajujuwan ukun, na maida ɗalibata Ingrid mai hawa dokin nan mai fukafukai, tana tashi tana tsallake daji da ruwa, na ga wani mai sihiri can nesa jininsa ya kusa ƙarewa na tura ta ta gama dashi, raina fari tas. Ban duba ba ashe akwai maharba biyu a bayansa, kuma duk mai tashi sama a gem ɗin nan kibiya tana masa mugun lahani, kibiya biyu kawai ta faɗi. Wallahi sai da na aje na'urar na ɗan jima, domin yarinyar nan na ɗauki watanni na cikin gem ina koyar da ita. Tun daga ranar kafin in danna komai nake tambayar kaina, in na tsaya anan, mutum nawa ne zasu iya kaiwa gareni, kuma in duka suka same ni nawa zai rage?

Gem ɗin ma yana taimakonka da amsar, mutane ne basa kula. Danna ZR zai nuna maka duk filin da abokan gaba zasu iya kaiwa hari, ka barshi a kunne kullum. Sannan in ka ɗauki mutum kana neman inda zaka aje shi zaka ga wasu jajayen layuka suna fitowa daga abokan gaba zuwa kansa, ma'ana ga waɗanda suka yi niyyarsa. Layi ɗaya ko biyu akan Dedue, ɗalibin Blue Lions da aka saba sa wa sulke, ba komai bane, mutumin nan kamar bango yake in dai takobi ne ko mashi. Amma layi ɗaya daga mai sihiri akansa abin tsoro ne saboda masu sulke basa jure sihiri ko kaɗan. Layi uku akan masu sihiri marasa jure bugu irin su Mercedes ko Lysithea kuwa, ja da baya kawai kar ma kayi lissafi.

Dabarar da tafi min aiki itace janyo su. Kar ka ruga ka same su a inda suke tsaye, ka aje mutum ɗaya mai ƙarfi a bakin iyakar filin nan da ZR yake nunawa, in da hali a cikin daji domin itatuwa suna ƙara masa kaucewa, sauran kuma su tsaya a bayansa inda hannu baya kaiwa. Biyu ko uku zasu taho masa, ya maida musu martani ya rage musu jini, da zagayenka yazo sai ku taru ku gama dasu. Ana tafiya a hankali amma ana isa da kowa da kowa. Ka tuna dai masu tashi sama basa samun kariyar daji sai in sun sauko daga kan abin hawan, kuma masu doki da masu tashi suna da damar su kai hari sannan su ƙarasa sauran takunsu, to ka dinga bar musu taku biyu ko uku na dawowa, da nasan haka da Ingrid bata faɗi ba.

Kafin ka tabbatar da hari akwai ɗan allon da yake fitowa da lissafi, ka karanta shi ko da sauri kake. Yana nuna nawa zaka cire, kashi nawa cikin ɗari zaka samu, da yiwuwar mugun bugu wanda yake ninka lahani sau 3. Ka duba na abokin gaba ma ba naka kaɗai ba, in kaga yanada ko kashi 5 na mugun bugu akan mutum mai ƙaramin jini ka sake tunani. Sai maganar bugu biyu, wanda saurin harinsa ya ɗara na abokin karawarsa da 4 ko sama zai buga sau biyu, kuma makami mai nauyi yana rage wannan saurin, shi yasa sau da yawa takobin ƙarfe mara nauyi yafi wanda ka gani da babban lamba, biyu ƙanana sun fi ɗaya babba, sannan makamin da ka bari a hannunsa dashi zai kare kansa in an zo masa. Kuma wanda ya buga tsofaffin Fire Emblem kar ya dogara da tsarin nan na takobi yafi gatari gatari yafi mashi, anan babu shi kai tsaye sai dai ta wasu ƙwarewa da ake koya daga baya.

Maganar Classic da Casual, wannan tambayar farko ce da gem ɗin zai maka. A Casual wanda ya faɗi zai dawo a yaƙi na gaba, a Classic ya tafi kenan. Ni ra'ayina ka ɗauki Classic a matakin Normal ko Hard, domin tsoron rasa mutum shine yake sa ka kula da kowane taku, kuma an baka Divine Pulse, ka danna ZL ka maida lokaci baya zuwa duk motsin da kake so. Da sau 3 ake farawa a kowane yaƙi, yana ƙaruwa in kana gyara gumakan waliyyan nan huɗu dake cikin cocin makarantar. Abinda zance kawai, in ka maida lokaci kar ka maimaita abu ɗaya kana fatan sa'a ta canza, ka tsaya ka gano takun da ya jawo matsalar, yawanci ba na ƙarshen bane, taku biyu ko uku ne kafin shi. Wanda kuma yasan labarin kawai yake so ko zuciyarsa bata ɗaukar rashi, Casual ɗin ba abin kunya bane, an saka shi ne don a yi amfani dashi.

Wani kuskure da kusan kowa yake yi, barin Byleth da shugaban aji su cinye komai. Dimitri shugaban Blue Lions ko Edelgard shugabar ajin Black Eagles zasu iya share rabin fili su kaɗai a farko, daɗi zaka ji, amma sauran zasu tsaya a baya basa girma, sai labari ya tsallake shekara 5 yaƙi ya zama yaƙi na gaske kaga kana da mutum biyu masu ƙarfi da takwas da ko iska ta kaɗa zasu faɗi. Ka sa masu ƙarfi su rage jinin abokin gaba, masu rauni su ƙarasa, domin wanda ya kashe shi yafi samun maki. Masu warkarwa kuma su dinga warkarwa a kowane zagaye ko da ɗan ƙaramin rauni ne, sihiri yana cika da kansa bayan kowane yaƙi to ba abinda kake adanawa. Kuma a yawancin filaye in Byleth ko shugaban ajin ya faɗi shikenan an cinye ka.

Rundunar da ake haɗa wa kowane ɗalibi, kar ka raina ta. Tana ƙara masa ƙarfi, tana bashi harin taro da ake kira Gambit wanda ba a maida martaninsa, kuma duk waɗanda ya shafa basa iya motsi a zagaye na gaba, in aka taso maka da mutum biyar a lungu wannan ne yake ceton ka. Akwai wanda ake kira Stride da yake ƙara wa mutanenka taku 5, shi kam tun farko ka neme shi. A kan manyan dodannin nan masu jini kashi kashi ma shine maganin, suna da garkuwa a kowane akwatin da suke tsaye, in ka farfasa duka sai dodon ya sandare kuma ka samu ƙarafan gyaran makami. Bayan yaƙi ka tuna ka cike rundunar, in ta ƙare a tsakiyar fili duk ƙarin da take baka ya tafi.

Sai rayuwar makaranta wadda wasu suke gajiya da ita, gaskiya nima a zagaye na biyu na ɗan gaji da zirga zirgar, amma anan ake gina yaƙin. Duk ranar hutu kana da zaɓi, yawo cikin makaranta, zaman karatu, fita yaƙi ko hutawa. A farkon kowane wata ka zaga sau ɗaya, ka karɓi aikace aikace, ka ci abinci da ɗalibai biyu biyu don kuzarinsu na karatu ya cika, ka shuka iri a lambu ka kama kifi tunda waɗannan biyun basa cin makin ayyukanka kuma suna ɗaga matsayinka na malami. Kayan da ka tsinta a ƙasa ka maida wa masu su. Tun da wuri ka yanke shawarar me kake so kowa ya zama ka saita masa darussa biyu, jarabawar canjin matsayi, wato irin mayaƙin da ɗalibi zai zama, tana buɗewa a lebul 5, 10, 20 da 30, kuma in kana son mai hawa Wyvern, dodon nan mai fukafukai, wanda ni a ganina yana cikin mafi ƙarfi a gem ɗin, yana buƙatar ƙwarewa matakin B a gatari da C a tashi sama (da haruffa ake auna ƙwarewa, B tafi C), to kar ka bari sai lebul 19 ka fara koya masa. Kar kuma kayi saurin barin matsayi kafin ya ƙware a kai, wanda ya ƙware a Brigand, matsayin masu gatari, yana samun Death Blow mai ƙara ƙarfi 6 duk sanda shi ya fara kai hari, na Mage kuma Fiendish Blow, irinsa ne amma na sihiri, waɗannan suna binsa har ƙarshen gem.

Wane gida, wato wane aji zaka zaɓa? Kowa da nasa, ni dai ga sabon shiga Blue Lions nake cewa, aikin kowa a fili yake, Dedue ya tare, Felix ya sara, Ashe ya harba, Mercedes ta warkar, kuma labarin Dimitri ya taɓa ni sosai. In ka ɗauke su ka tabbata kayi yaƙin gefe na Dedue kafin a tsallake shekarun nan, bazan faɗi dalili ba amma kayi. Yaƙoƙin gefen nan duk suna da wa'adi ka dinga dubawa. In kuma Black Eagles ka ɗauka, ka kusanci Edelgard kuma ka je kayi magana da ita a babi na 11, akwai hanyar labari guda da take rufewa in baka yi ba. Zaka iya janyo ɗalibai daga wasu gidajen in ka cika abinda suke nema ko kuma in kusancinku ya kai matakin B sharaɗin ya sauƙaƙa, banda irin su Hubert da Dedue da basa barin iyayen gidansu. In mutum ɗaya zaka nema ka nemi Lysithea, tana samun sihirin Warp tun ƙwarewarta ta Faith, wato fannin sihirin warkarwa, tana matakin B, ta jefa mutuminka can tsakiyar fili, kuma sihirinta na Dark Spikes yana ragargaza masu doki.

Wanda ya kawo mu kan Death Knight, wani mugun abokin gaba da shima mai doki ne. A babi na 4 zaka ganshi tsaye a tsakiyar fili akan baƙin doki, ka zagaye shi abinka, ba dole bane ka taɓa shi kuma bugu ɗaya yake wa yawancin ɗalibanka a lokacin. In ka ƙware daga baya ka dawo masa da shiri, yana sakin Dark Seal, abin da ake buƙata don jarabawar matsayin masu baƙin sihiri. A babi na 9 kuma akwai gasar rawa ta White Heron Cup, ka tura wanda yake da fara'a mai yawa, wato makin Charm, ka bashi horon kafin ranar, wanda yaci shine kaɗai zai zama mai rawa a duk wasan, aikinsa ya ba wani damar sake motsi a zagaye ɗaya, ka bawa wanda dama baya wani kashe mutane sosai kar ka ɓata babban mayaƙinka.

Maddening kuwa, matakin da yafi Hard wuya wanda aka ƙaro bayan fitowar gem ɗin, ka barshi sai ka gama sau ɗaya tukuna, acan ƙarin abokan gaba suna ɓullowa su kai hari a zagayen da suka fito ba tare da sun baka damar shiri ba, sai wanda ya riga yasan filin da kusurwar da suke fitowa yake iya aje masu warkarwarsa nesa da wajen.