Yadda na shawo kan sanƙarewar wuyan doki bayan allurar rigakafi

Washegarin allurar tetanos dokin ya ƙi dusa, wurin allurar a wuyansa ya kumbura kamar ƙwan kaza. Na auna zafinsa ta dubura, digiri 38.9, alhali na lafiyayye 37.5 zuwa 38.5 ne.

Ashe sunkuyawa ce ke masa ciwo. Na ɗora ruwa da harawa kan kifaffen turmi daidai ƙirjinsa, nan take ya hau ci. Kumburin kuwa, tsumma da ruwan randa, minti 15, sau uku a yini. Babu sirdi, yana ɗaure a inuwa, don ranar garin Marwa ba ta wasa. Kwana biyu ya ware.

In kumburin na ƙaruwa, ko numfashi ya yi sama-sama da borin jini, maza a kira likitan dabbobi. Allura ta gaba a tsokar ƙirji za a yi, da sassafe.