Igiyar da za ka rataya ranka a kanta: yadda nake zaɓar kayan hawan bishiya a Kumasi

Aikina sarar rassa ne. Daga Aboabo zuwa Asawase, har Tafo da gidajen masu hali na Ahodwo, in darbejiya ta kwanto kan rufi ko mangwaro ya fara ratsa katangar maƙwabci, ana nemana. Kwanan nan samari sun yawaita tambayata kayan da za su saya. Wasu abinci suke nema, wasu kuma ɗalibai ne masu son hawa ranar hutu don sha'awa. Amsa ɗaya nake ba su, domin bishiya ba ta tambayar abin da ya kai ka samanta.

Da na fara koyo, shuɗiyar igiyar nan ta kasuwa nake hawa da ita, irin wadda ake ɗaure kaya a kan aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku. Wata rana a kan mangwaro na sauko da sauri, igiyar tana gudu cikin gwafa, sai na ji warin ƙonanniyar roba. Ina taka ƙasa na jawo ta. Wuri kamar taƙi guda ya narke ya yi sulɓi yana ƙyalli, tufka ɗaya cikin ukun ta riga ta rabu. Maigidana ya karɓa ya murza da babban yatsa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Yaro, Allah ne ya sauko da kai, ba wannan ba." Ya zaro wuƙa ya yanka ta gida huɗu a gabana don kada wani ya ɗauka.

Daga baya na san dalili. Shuɗiyar igiya da folifirofilin ake yin ta, tana narkewa a zafi wajen digiri 160, rana kuma tana cinye ta har ta riƙa gari a hannu. Igiyar hawan bishiya ta gaskiya rigarta foliyesta ce, ba ta narkewa sai wajen digiri 250, ba ta shan ruwa sosai, tana jure gogayya da ɓawo. Nailan yana da ƙarfi, amma in ya jiƙe yana raguwa, ga shi a garin nan daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ba ya sallama. Saboda haka in nailan zai shiga, ya kasance a cikin igiyar, foliyesta ta lulluɓe shi.

Kuskuren da masu ɗan kuɗi suke yi shi ne sayen igiyar masu hawan dutse, suna ganin ai ta hawa ce. Ta hawa ce, amma an yi ta ne don ta miƙe kamar roba in mutum ya faɗo, za ka ga an rubuta mata EN 892, lambar ƙa'idar inganci ta Turai. Mu ba faɗowa muke jira ba, kullum nauyinmu yana kan igiya. In ka hau da mai miƙewa za ka yi ta ja kana lilo, ƙafarka ba ta bar ƙasa ba ƙarfinka ya tafi, in ka kai sama kuma ba za ka tsaya cak ka riƙe zarto ba. Abin da za ka nema shi ne EN 1891, nau'in A. Wannan lambar tana nufin an gwada igiyar ta ɗauki aƙalla 22 kN, wato kusan kilo 2,200, kuma miƙewarta ba ta wuce kashi 5 cikin ɗari. In daga Amurka ta zo, ƙa'idarsu ta ANSI Z133 tana neman igiya ta ɗauki nauyin fam 5,400, wajen 24 kN. Kada ka ce nauyina kilo 70 ne, me zan yi da wannan duka. Ƙulli kaɗai yana iya cinye kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin, tsufa ya ci nasa, fizgar ɗan zamewa kuma ta ninka nauyinka sau da yawa.

Lambar tana kan wani ɗan tef da aka naɗe a bakin igiyar, tare da sunan kamfani da kauri da shekarar da aka yi ta. In babu tef ɗin nan, ni ba na taɓawa, ko da mai sayarwa ya rantse. Teufelberger, Marlow, Samson, Yale, Petzl, Edelrid, duk sanannu ne a harkar.

Kauri kuwa, tsakanin milimita 11 da 13. Ga sabon shiga na fi son 12 ko 13, mai saƙa 16 ko 24, domin tana cika hannu, ƙulli yana kama ta da kyau, tafin hannu ba ya saurin gajiya. Siririyar ta 11 ta waɗanda suke hawa da na'ura a kan igiya guda ce, ka bar ta sai ka ƙware. Wajen tsawo ka tuna cewa a tsarin da muke farawa da shi igiyar tana hawa ta ratsa gwafa ta dawo, wato ninki biyu. Bishiya mai mita 20 tana cin mita 40, ga ƙulli. Mita 45 ta ishe ka yawancin darbejiya da mangwaro da madacin cikin gari. In rimi ne ko manyan itatuwan da ake kira odum da wawa irin na dajin Bobiri, masu kai mita 40 har su wuce, wannan wani karatu ne daban. Ko yaya dai, ka yi ƙulli a ƙarshen igiya don kada ka zame ta ƙare a hannunka.

Sai ƴar igiyar zarge, wadda ke riƙe ka a jikin babbar. Ƙullin Prusik, wanda wani ɗan Ostiriya mai suna Karl Prusik ya fito da shi a 1931, har yau yana aiki: ka zauna ya kama, ka sassauta ya zame. Ana yin sa da igiya mai milimita 8 zuwa 10, dole ta fi babbar siranta kafin ta cije. A nan ne zafi yake taruwa, saboda haka ka nemi mai haɗin zaren aramid mai jure zafi, kamar Technora, ba ta narkewa. Tsantsar zaren Dyneema kuwa, duk ƙarfinta, tana narkewa ƙasa da digiri 150, ba ta dace da wannan wuri ba. Wannan ƴar igiya ita ce take fara mutuwa cikin kayanka, ina canza tawa da zarar ta fara ƙyalli.

Ɗamarar zama ka saya da jikinka, ba da ido ba. Ta masu gini mai ƙugiya a gadon baya ba tamu ba ce, tana rataye mutum fuska ƙasa. Ta masu dutse kuma siririya ce, minti goma cinya ta mutu. Tamu mai faɗin baya ce, da gada a gaba inda igiya ke zamewa hagu da dama, da zobba biyu a ƙugu, lambarta EN 813 da EN 358. Ka ɗaura, ka rataya a ƙaramin reshe minti goma sha biyar. In ƙafa ta fara mutuwa, ba taka ba ce.

Karabina, wato ƙugiyar ƙarfe mai ƙofa da ke haɗa igiya da ɗamara, a nan ne ake cutar mutane. Akwai masu kyan gani da ake rataya makulli ko gora, suna cika tebura a Kejetia da Adum, ba a yi su don ɗaukar mutum ba. Ta gaske an zana mata ƙarfi a jiki, 22 kN ko fiye ta tsawonta, da EN 362, kuma sai da motsi uku take buɗewa: ka tura, ka murɗa, ka buɗe, in ka saki ta kulle da kanta. Mai murɗin zare reshe yana iya kwance ta ba ka sani ba. Guda uku sun isa farawa.

Kada ka kunna inji ko ka ja zarto sai kana ɗaure wuri biyu, babbar igiya da gajeriyar ƙugu mai mita 3 zuwa 5. Mai wayar ƙarfe a ciki tana da kyau wajen yanka, amma kada ka kusance ta da wayar lantarki. A unguwanninmu wayoyi sun ratsa rassa ta ko'ina. In tsakaninka da waya bai kai mita 3 ba, ka sauko, a je a sanar da ECG, kamfanin wutar lantarki, su ɗauke wuta tukuna. Na sha rasa aiki a kan wannan, ban taɓa nadama ba.

Ƙananan kaya ba sa cin kuɗi sosai. Siririn zaren jifa wajen milimita 2 da ƴar jaka mai nauyin giram 300, da su ake aika igiya sama daga ƙasa. Ɗan madauri mai zobba biyu da ake ratayawa a gwafa, igiya ta bi ta zobban, ya tsare igiyar ya tsare ɓawon bishiyar, kuma da ina da shi ranar mangwaron nan da ban ji warin roba ba. Hular kwano mai maɗaurin haɓa, EN 12492 ko EN 397, da tabarau. Ƙarafan ƙafa masu tsini kuwa, sai bishiyar da aka yanke shawarar kayarwa. Kowane taki rauni ne, ta nan ruɓa take shiga. Inuwar da tsofaffinmu suke zama bayan la'asar ba ta cancanci haka ba.

Igiyar sauke gungume dabam take da ta hawa, launinta ma ya zama dabam. Wadda ta taɓa fizgar gungume ko jan mota ta gama da ɗaukar mutum har abada. Shi ya sa ba na sayen igiya ko ɗamara a gwanjo. Araha ba ta ado. Ba ka san inda ta kwana ba, kuma ruwan batir yana cin nailan ba tare da ya bar tabo ba. Wani yarona ya taɓa ajiye jakarsa a garejin ɗan'uwansa a Suame Magazine kusa da tsofaffin batura, na ce masa, "Ɗana, wannan ta tafi." Ya yi shiru, don ya tara kuɗin da wuya, amma ya miƙo. Mafi yawan kayana ƴan'uwa ne da suke Jamus da Ingila suke sayo min a shago sananne, da takardar kamfani a ciki. In kuɗi ba su isa ba, ka fara da igiya da ɗamara da karabina da hula, sauran su biyo a hankali.

Kowace safiya kafin hawa ina bin igiyata da hannu daga baki zuwa baki, taƙi bayan taƙi. Yatsa yana gane abin da ido bai gani ba: wuri mai tauri, wuri mai laushi kamar cikin ya tsinke, ƙulluttu, sulɓi. In na samu kusa da baki na yanke, in a tsakiya ne ta yi ritaya. Ƙaron mangwaro da yashi ana wanke su da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa, ba a kan kwano ba. Kada ka kulle ta jiƙe a jaka da damina. Kamfanoni da yawa sun sa shekara 10 iyaka ko ba a taɓa amfani da ita ba, amma ta mai aiki kullum ba ta kusantar haka.

Reshen da za ka rataya ya zama ɗanye, kaurinsa kamar cinya, igiya kuma ta zauna can cikin gwafa jikin uwar bishiya. Rimi itacensa ba nauyi, yana karyewa ba gargaɗi, ka ƙara kauri. Kafin ka bar ƙasa, kai da abokin aikinka ku biyu ku rataya a kan igiyar ku girgiza. Ka ɗaga kai ka duba zuma da jajayen tururuwan mangwaro. Kuma na biyun nan ya tsaya a ƙasa har ka sauko, da tasa ɗamarar a kusa, ya san yadda zai hau ya sauko da kai, domin mutumin da ya suma yana rataye ba ya jiran a je neman tsani.