Yadda Ake Rubuta Labarin Soyayyar Bogi da Siyasa Mai Sa Dariya

Ga marubucin da ke son gina labari a kan saurayi da budurwar da suka ƙulla soyayyar ƙarya saboda siyasa, abu na farko shi ne dalili. In dalilin bai yi ƙarfi ba, mai karatu zai aje littafin tun shafi na uku.

A nan Katsina dalilin a kwance yake. Tun 2018 aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha zuwa 25, don haka samari sun shigo fage. Ɗauki ɗan shekara 29 daga Ƙofar Marusa mai neman ɗaya daga cikin kujeru 34 na majalisar, ba shi da aure. Sojojin bakan abokin hamayya sun hau rediyo suna cewa tuzurun da bai riƙe gida ba ina zai riƙe mazaɓa. Ita ma yarinyar ka ba ta nata dalilin, kada ta zama kayan ado: ta gama Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, an matsa mata ta fito da miji ko a haɗa ta da wani abokin babanta.

Mataki na biyu, su yi yarjejeniya mai sharuɗɗa. Zance sau ɗaya a mako, ba kyauta, ba kira bayan isha'i, kuma a rabu bayan zaɓe. Kowane sharaɗi ka rubuta shi ne don a karya shi.

Na uku shi ne inda yawancin marubutanmu ke zamewa, su kwaikwayo finafinan waje inda ƙaryar ke tsayawa tsakanin mutum biyu. A wurinmu ba ta tsayawa. Mota ta faka ƙofar gida sau biyu, a na uku ƙanenta zai fito ya ce, "Wai in ji Baba, in da gaske kake ka turo magabatanka." Dariyar labarin nan take. Gwaggo ta fara tambayar akwati nawa za a yi na lefe. Shugabar matan jam'iyya ta fitar da anko da hoton ɗan takara, ta aiko wa "Amaryar Honarabul" turmi biyu. Mawaƙi ya sa sunanta cikin waƙar kamfen, ana bugawa a kowace Keke Napep daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Soro. Ka kuma aje tsohuwa guda, kakarsa, wadda ta gano su tun ranar farko ta yi shiru tana wasan jika da shi: "Kai Ɗan-nema, mi ya sa matar taka ba ta san ba ka cin kuɓewa ba?" Bari ta yi Katsinancinta, da "mi" da "mashi", kada ka gyara mata harshe.

Na huɗu, kalandar zaɓe ce agogonka. A zaɓen 2023 an yi fidda gwani tun Mayun 2022, aka jefa ƙuri'ar majalisun jihohi ranar 18 ga Maris. Wata goma ke nan, ya isa ƙarya ta rikiɗe. Daren daliget, da kowa ke zargin an saye nasa, wuri ne mai kyau da zai fara jin ita kaɗai ce ba ta neman komai a hannunsa.

Sai iyaka. Asiri ya tonu kafin a ɗaura aure. Hadisi ya zo cewa abu uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure da saki da kome. Masu karatunmu sun san wannan, kuma ba za su yafe maka auren wasa ba. Ni da zan rubuta, ana saura kwana uku zaɓe zan sa muryar yarjejeniyar ta yaɗu a WhatsApp, ya faɗi zaɓen, sannan ya koma ƙofar gidansu a kan babur ɗin aro ya aika yaro ya ce ana sallama.