Kada a bari mai walda ya cire ragar salansa

Salamu alaikum ƴan uwa masu motoci a Tawa. Akwai wani guntun bututu mai saƙar ƙarfe kamar raga a ƙarƙashin mota, kusa da inda hayaƙi ke fitowa daga inji. Idan ya fashe, don Allah ku sayi sabo, kada a liƙa muku miƙaƙƙen ƙarfe a wurinsa.

Inji ba ya tsayuwa cik. Duk sanda ka taka mai ko ka canza giya sai ya ɗan jijjiga, musamman a motoci irin Corolla da injinsu ke kwance a gicciye, salansa kuwa tana rataye a jikin mota. Wannan ragar ce ke shanye motsin, ita ce kuma ke ba ƙarfe wurin miƙewa idan ya ɗau zafi.

Na taɓa yarda aka yi mini walda don sauƙin kuɗi. Zuwa Ƙonni kaɗan na yi, bakin bututun da ke jikin inji ya tsage, kusoshi biyu suka karye. Kuɗin gyaran ya ninka.

Idan kun ji ƙara ko kun ga baƙin kunkunniya a jikin ragar, ku hanzarta, domin hayaƙin nan guba ne idan ya shigo cikin mota. Ku sa bakanike ya duba robobin da ke riƙe da inji ma, lalacewarsu ce kan yaga ta.