Yadda ake auna rashin daidaiton kewaye a jikin itace, fure da saiwa

Idan aka yanka kuɓewa a gicciye, ko aka raba lemun tsami gida biyu, abin da ido zai gani shi ne ɗakuna da suka kewaye cibiya ɗaya, kowanne kusan kamar ɗan'uwansa. Wannan tsari shi masana halittu ke kira daidaiton kewaye: jiki mai cibiya, sassansa na maimaituwa a zagaye, ba shi da dama ba shi da hagu. Furen kabewa haka yake, haka tauraron teku mai hannaye biyar, haka gangar jikin bishiya da saiwarta. Furen wake kuwa daban ne, layi ɗaya tak ne zai raba shi gida biyu masu kama da juna, kamar fuskar mutum.

Rashin daidaiton kewaye shi ne gwargwadon yadda irin wannan jiki ya rinjaya wani ɓangare. Ba kowane karkataccen abu ake nufi ba. Sai wanda ke da cibiya, ana kuma iya cewa ga inda ya rinjaya, ga yawan rinjayen a lamba.

Masu bincike sun damu da shi saboda a wurin da daidaito ya karye ake gane abin da ke juya girma. Ɗan tayin ɓera a farkonsa ɗaya yake ta kowace fuska, sai wajen kwana biyar da rabi wasu ƙwayoyin halitta su gangara gefe guda, nan ne kai zai fito. A ɗan tayin bushiyar teku, ƙwayar gado mai suna Nodal ce ke kunnuwa a gefe ɗaya ta nuna inda baki zai zama, kuma idan aka saka gishirin nikel a ruwan da yake girma, sai ya rasa wannan bambanci ya tashi ɗaya ta ko'ina. A fure ma akwai tsohon misali. A 1744 masanin tsirrai Linnaeus ya bayyana wata shuka mai suna Linaria mai furen zagaye alhali danginta masu gefe biyu ne, sai a 1999 Enrico Coen da abokan aikinsa a Cibiyar John Innes ta Ingila suka nuna cewa ƙwayar gadon Lcyc ce aka toshe a jikinta, ba tare da rubutun gadon ya canja ba. Waɗannan ayyuka ne na ɗakin gwaji mai kayan tsada. Amma dabarar awon ɗaya ce, kuma inda ya fi sauƙin koyonta shi ne faifan itace, wato yankin da aka yanko a gicciye daga gangar bishiya.

Faifan itace: kafin a sa zarto

Kuskuren da ba ya gyaruwa a nan ake yin sa. Tun bishiya na tsaye, a ɗora kamfas a ja layin fenti a ɓawonta ta fuskar arewa. Idan ta jingina, a sa wata alama a gefen da ke kallon sama, a auna kusurwar jinginar, a rubuta gangaren ƙasa da inda rassa suka fi nauyi. Faifan da aka kawo daga hannun masu faskare ba tare da alama ba zai nuna cewa akwai rinjaye, amma ba zai taɓa faɗin dalili ba.

A yanke a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wato daidai ƙirji, inda ma'aikatan gandun daji ke auna kauri. Ƙasa da haka gindi ya fara buɗewa saboda saiwoyi, kusa da reshe kuma itacen ya kumbura don kansa. Kaurin faifan santimita 3 zuwa 5 ya isa. Zarton ya gitta gangar jikin daidai, ba ƙasa za a bi ba, musamman a bishiyar da ta jingina. Yankan da ya kauce da digiri 20 yana ƙara wa faɗi ɗaya kusan kashi 6 cikin ɗari, na digiri 30 kuwa kashi 15, sai mutum ya ɗauka bishiya ce ta yi kwai alhali hannunsa ne ya karkace.

Da an yanke a mai da alamar arewa kan fuskar faifan, a rubuta lambar bishiya, a ɗaure shi cikin leda. Itace yana tsukewa ta zagaye kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa daga cibiya zuwa baki, shi ya sa faifan da aka bari a iskar hunturu yake tsagewa kamar an cire yankan kankana. Gara a auna shi ɗanye, ko aƙalla a ɗauki hotonsa a ranar. Idan ana son ganin zobban girma, sai a goge fuskar da samfefa daga mai kaushi lamba 80 a bi 120 da 240 har 400. Inda ba a yarda a sare bishiya ba, akwai maburgi mai rami da ke zaro siririn itace kamar tsinke daga ɓawo zuwa cibiya. A zaro ta fuskoki huɗu, kada a tsaya a biyu.

Awon kansa

A nemo ɓargon itacen, ɗan digon nan na tsakiya, a soka allura. Daga nan a ja layuka takwas zuwa baki, tsakanin kowane biyu digiri 45, na farko ya bi arewa. A auna kowanne da milimita zuwa inda itace ya ƙare, ban da ɓawo, domin kaurin ɓawo yana da nasa labarin. Layuka huɗu sun yi kaɗan, sau da yawa rinjayen yana faɗawa tsakaninsu. Ga itace mai kwarin jiki irin tsohuwar tsamiya, sha shida ya fi.

Ga misali na lissafi. A ce arewa 62, arewa maso gabas 66, gabas 71, kudu maso gabas 80, kudu 88, kudu maso yamma 79, yamma 70, arewa maso yamma 64. Jimla 580, matsakaici 72.5.

Abu biyu ne a cikin waɗannan lambobi, kuma ɗalibai suna yawan cakuɗa su. Na farko kaucewar ɓargo daga tsakiya. A cire 62 daga 88, a raba biyu, ya ba da milimita 13, wato kusan kashi 18 cikin ɗari na matsakaicin. Na biyu siffar bakin faifan. Faɗin arewa zuwa kudu 150 ne, gabas zuwa yamma 141, bambancin kashi 6 kacal. Ke nan wannan bishiya daga waje kusan zagayayya ce, wanda ya ɗaura mata tef ba zai ga komai ba, duk rinjayen a ciki yake. Akwai kuma bishiyar da ɓargonta ke tsakiya cif amma jikinta ya yi faɗi ta fuska ɗaya. Dalilan biyun ba ɗaya ba ne, don haka a ba da rahoton kowanne da kansa, kuma kullum a raba da matsakaici, in ba haka ba babbar bishiya za ta riƙa fin ƙarama rinjaye don girmanta kawai.

Don samun fuskar rinjaye, a ninka kowane tsawo da kosain (cos a kalkuleta) ɗin kusurwarsa daga arewa a tara, a sake ninkawa da sain (sin) a tara. A misalinmu na farko ya ba da kusan 46.5 zuwa kudu, na biyu kusan 3 zuwa gabas, fuskar ta faɗa wajen digiri 176. Idan an tara bishiyoyi da yawa, kada a haɗa kusurwoyinsu a raba kamar kuɗi. Digiri 350 da digiri 10 duk arewa suke kallo, amma matsakaicinsu na yau da kullum 180 ne, kudu sak. Lissafin zagaye ake yi, wani gwajin ƙididdiga mai suna Rayleigh kuma shi ke nuna ko bishiyoyin sun karkata fuska ɗaya da gaske ko kowacce ta kama gabanta.

Auna kuskuren hannunka

Wannan mataki ne ake tsallakewa, shi ne kuma ke raba aiki mai kyau da na banza. A auna kowane faifai sau biyu, a ranaku dabam, a sake soka allura a sake jan layuka, ba tare da duba lambobin farko ba. Idan awo biyu na layi ɗaya suna bambanta da milimita 2, rinjayen da ake gani kuma milimita 3 ne, babu abin da aka gano. A faifan itace rinjayen yakan yi girma har kuskuren bai dame shi ba. A fure ko ganye, inda bambancin ba ya kai milimita ɗaya, kuskuren yakan cinye sakamakon gaba ɗaya.

Faifai goma daga bishiya ɗaya ba bishiya goma ba ne. Kuma a sa wani ya rufe lambobin samfur kafin awo, domin wanda ya san wannan samfur daga wurin da yake zargi ya fito, kamar gefen masana'anta, hannunsa yakan taya shi ganin abin da yake nema.

Me rinjayen yake faɗa

Masanin halittu Leigh Van Valen ya kasa rashin daidaito gida uku a 1962, kuma rabon yana aiki a nan. Ko dai yawancin samfur sun rinjaya fuska ɗaya, ko kowanne ya rinjaya sosai amma fuskar ta sha bamban, ko kuma ƙananan kauce-kauce ne marasa alkibla. Na ukun ne ake ɗauka alamar wahalar da halitta ta sha lokacin girma, kamar fari ko guba, sai dai sakamakon bincike a kan haka ya sha saɓawa juna, kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

A itace, babban dalili shi ne jingina, ko ta iska ce, ko gangare, ko neman haske. Bishiyoyi masu faɗin ganye irin turare galibi suna ƙara itace a gefen sama, itace mai jan gangar ta miƙe, mai yawan selulos (sinadarin zaren tsiro) da ƙarancin lignin (sinadarin da ke taurara itace). Ana gane shi da sheƙi, da gashi-gashi idan an yanke shi ɗanye. Dangin fayin, masu ganye kamar allura, irin wanda aka dasa a Filaton Jos, suna ƙarawa a gefen ƙasa, itace mai duhu da yawan lignin da ke turo gangar. Wanda bai san wannan ba zai karanta faifan a juye. Don tabbatarwa a fere siririn yanki a rina da rini biyu, safranin da shuɗin astra: mai lignin ya yi ja, bangon selulos ya yi shuɗi. Wasu bishiyoyin ƙasashe masu zafi ba sa fitar da wannan bango mai yawan selulos ko da sun jingina, rashin ganinsa ba hujja ba ce.

Kafin a ɗora wa iska laifi, a duba tabo. Maɗacin da masu sassaƙe suka ɗaye gefensa, ko bishiyar da gobarar daji ta lasa, girma yakan tsaya a wurin ya koma ɗaya gefen. Irin wannan samfur a ware shi.

Fure da saiwa

Fure a auna shi da safe kafin ya yi yaushi. A kwantar da shi a kan na'urar sikana, ko a ɗauki hoto kyamara na kallonsa kai tsaye, rula kuma na daidai tsayin furen, ba a kan tebur can ƙasa ba. A sa alama a ganyen furen da ke kallon sama a jikin shuka, sannan a auna tsawon kowanne da kusurwar da ke tsakaninsu a manhajar ImageJ, wadda kyauta ce. Mai ganye biyar ya kamata kowace kusurwa ta kusanci digiri 72. Furen kuɓewa da na yakuwa ganyensu a murɗe suke, kowanne ya hau ɗan'uwansa, don haka a lura da fuskar murɗin a rubuta ta daban.

Saiwa ita ke nuna yadda daidaito ke karyewa a gaban ido. A tsirar da wake cikin jiƙaƙƙiyar takarda har saiwar ta kai santimita 2 zuwa 3 a miƙe. A ɗiga tawada marar wankewa kowace milimita ɗaya daga tsini, sama da ƙasa, a kwantar da ita a gicciye cikin rufaffen kwano mai laima, a ɗauki hoto kowane rabin awa. Cikin awanni kaɗan za ta sunkuya, digon sama sun fi na ƙasa nisa da juna. Ƙwayoyin sitaci a hular saiwa ne suka faɗa gefen ƙasa, sinadarin oksin mai sarrafa girman tsiro ya taru can ya rage miƙewar wannan gefe. A wasu saiwoyin a datse hular, abin da bai wuce milimita ɗaya ba, da sabuwar reza. Za su ci gaba da tsawo ba tare da sunkuyawa ba har sai hular ta sake fitowa, gwajin da masanin tsirrai Ciesielski ya yi a 1872, Darwin da ɗansa Francis kuma suka maimaita. Idan saiwar ta ƙi motsi gaba ɗaya, yawanci ko ta bushe ne, ko rezar ta wuce hula ta ci wurin girma, ko tawadar mai barasa ce ta ƙone ta. Wasu irin masara kuma sai sun ga haske suke sunkuyawa sosai, shi ya sa wake ya fi dacewa da gwajin farko.