Kafin ka buɗe ofishinka, nemi wanda zai riƙa duba aikinka

Abin da ya fi damuna a watan farko da na buɗe ofishina shi ne shirun wurin. A asibitin da na baro, idan na fito daga zama da wanda ya ce mini rayuwa ta ishe shi, taku biyar zan yi in tarar da abokiyar aiki in ce mata, "Zo ki ji wannan." Amma yanzu da an rufe ƙofa, daga ni sai fayil. Shi ya sa duk sabon mai jinyar damuwa ta hanyar tattaunawa da ya zo neman shawarata kan kafa nasa wurin, nakan ce ya ajiye maganar kujeru da talla a intanet tukuna, ya fara samun mai sa ido a kan aikinsa, wato ƙwararren da zai riƙa zama da shi suna tattauna yadda yake jinyar mutane.

Ka soma da duba ƙa'idar hukumar da ta ba ka lasisi, domin kowace da nata tsarin. Ƙungiyar BACP ta masu irin wannan jinya a Birtaniya tana so membobin da ta tantance su samu aƙalla awa ɗaya da rabi na irin wannan zama a kowane wata, muddin suna ganin mutane. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa, mai neman lasisin jinyar matsalolin aure da iyali sai ya tara awa 3,000 yana aiki a ƙarƙashin kulawar wani. Ni dai a ganina, sabon shiga bai kamata ya wuce mako biyu bai zauna da mai sa idonsa ba, ko da doka ta yarda da ƙasa da haka.

Kada ka haɗa mai sa ido da jagora. Jagora shi ne wanda ya riga ka buɗe ofis, mai nuna maka yadda ake tsara kuɗin zama, da inshora, da adana bayanai, da abin yi idan mutum ya fasa zuwa ba tare da sanarwa ba. Wannan kana iya ganinsa jefi-jefi. Mai sa ido kuwa aikinsa abin da ke gudana tsakaninka da wanda kake jinya. Kada ya zama amininka, kada kuma ya zama shi ne mai jinyar taka damuwar.

Wajen zaɓe, ka gana da mutum biyu ko uku kafin ka tsayar da ɗaya. Tambaye shi wane salo yake bi, CBT ne, wato jinya ta hanyar sauya tunani da ɗabi'a, ko wani, kuma ya taɓa aiki da irin mutanen da kake gani? An koyar da shi sa ido, ko daɗewa a aiki kawai yake taƙama da ita? Idan abu ya taso da dare, ta ina za ka same shi? Sannan ka lura da kanka a zaman farko: za ka iya gaya wa wannan mutumin kuskurenka? Idan ka ji kana gyara zance don ka burge shi, ka nemi wani. In kun daidaita, ku rubuta yarjejeniya. A takardar amincewa da mutanen da kake jinya ke sa wa hannu kuma, ka bayyana cewa kana tattauna aikinka da wani ƙwararre ba tare da ambaton suna ba.

Sai babban abu, wato me za ka kai masa. An ce wanzami ba ya son jarfa, kuma gaskiya ne a kanmu. Mukan kai labarin da ya tafi daidai, mu ɓoye wanda ke hana mu barci, alhali shi ne ya kamata a fara ajiyewa a tebur.

Akwai wata baiwar Allah da na yi wata uku ina gani. Zamanmu minti 50 ne, amma kullum sai ana saura minti biyar take ɗauko zancen da ya fi yi mata ciwo, ni kuma in kasa tsayar da ita, mu wuce awa. Ban taɓa faɗa wa mai sa idona ba. Wata rana har mai sa idon ta rufe littafinta, na ce, "Malama, akwai wani ɗan abu," na ɗauko labarin. Ta saurara, ta dubi agogo, ta ce, "Ka lura da lokacin da ka kawo wannan maganar?" Sai jikina ya yi sanyi. Abin da ake yi mini ne na zo na yi mata ban sani ba. Tun 1955 likitan ƙwaƙwalwa Harold Searles ya yi rubutu a kan wannan, yadda abin da ke faruwa a ɗakin jinya kan sake bayyana a ɗakin sa ido. Mako na gaba na gaya wa matar a hankali abin da na lura da shi. Ta yi shiru, sannan ta ce tsoro take ji idan ta faɗa da wuri za a samu lokacin tona shi. Daga ranar aikinmu ya kama hanya.

Kada ka dogara da abin da ka tuna kawai, domin zuciya takan gyara wa mai ita labari. Carl Rogers ya fara naɗar muryar zaman jinya tun shekarun 1940 don a ji abin da aka faɗa a zahiri. Idan mutum ya amince a rubuce, naɗi minti goma, ku saurara tare, ka goge bayan kun gama. Ka riƙa kai sakamakon ma'auni irin PHQ-9 na auna tsananin ciwon damuwa, mai tambayoyi tara da maki daga 0 zuwa 27. Idan maki ya ƙi sauka mako shida a jere, wannan kansa abin tattaunawa ne. Tambaya ta tara kuwa, wadda ta shafi tunanin mutuwa ko cutar da kai, kada ka jira ranar zama idan amsarta ta tayar maka da hankali, ka kira a ranar.

Tun a zaman farko ku rubuta matakan gaggawa: wa za ka kira, ina za ka tura mutum, kuma a wane hali doka ta ba ka damar fitar da sirri. Ku kuma tsayar da abokin aiki guda wanda zai sanar da mutanenka, ya kula da fayilolinsu, idan rashin lafiya ta kwantar da kai ko ta Allah ta kasance. Tawa takardar tana cikin ambulan a aljihun tebur da nake kullewa, kuma duk farkon shekara nakan buɗe ta in sabunta lambobin waya.