Kurakuran da masu zuwa dajin Kakum suka fi yi, da yadda ake gyara su

Dajin Kakum yana jihar Tsakiya ta ƙasar Gana, kimanin kilomita 30 arewa da birnin Cape Coast da ke bakin teku. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 375, an mai da shi gandun daji na ƙasa a 1992, sannan a 1995 aka buɗe gadar igiyar nan da ta yi suna, mai tsawon mita 350 a kashi bakwai, rataye tsakanin manyan bishiyoyi kusan mita 30 daga ƙasa. Yawancin wahalar da mutanenmu ke sha a can, tushenta ɗaya ne: mutum ya saba da dajin arewa mai sarari da busasshiyar iska, sai ya shiga kurmi da wannan sabon.

Kuskure na farko shi ne zuwa da tunanin Yankari. A Yankari, in rani ya yi, dabbobi kan taru a bakin kogin Gaji, ka hango giwa daga cikin mota. Kakum ma akwai giwayen kurmi, da dabbar nan gada, da bongo, wata babbar dabba mai jan jiki da fararen zane, amma ganye ya rufe ko'ina, idonka ba ya wuce 'yan taku. Masu ziyarar yini kusan ba sa ganin giwa. Abin da kurmi ke bayarwa shi ne birai a saman bishiya, aku, manyan tsuntsaye dangin cilakowa, da malam-buɗe-littafi iri-iri. Nau'in tsuntsayen wurin ya haura 250. Su ma sai ka yi sammako. Wanda ya iso ƙarfe goma sha ɗaya ranar Asabar, lokacin da motocin 'yan makaranta suka cika harabar, ihun yara kawai zai ji. Ka kwana a Cape Coast ko kusa da ƙauyen Abrafo inda ƙofar take, ka zaɓi ranar aiki, ka kuma tambayi ofishinsu tun ana gobe game da fitar asuba ta masu kallon tsuntsaye. A ciki kunne ya fi ido aiki: ka tsaya cak minti biyar, in ka ji reshe ya girgiza ko ɓawon 'ya'yan itace na faɗowa, ɗaga kai, biri ne.

Sai batun ruwa. A Kano ko Damagaram gumi na fita yana bushewa, jiki ya huce. A nan iska cike take da laima, gumin ba ya bushewa, riga ta manne a baya, jiki kuma bai huce ba. Mutum na cikin inuwa, sai ya ɗauka ba ya buƙatar sha, ya shiga da 'yar leda ɗaya. Kafin ma a kai ga gadar akwai hawan tudu mai matakala da ke sa numfashi ya yi sama. Lita ɗaya da rabi ga kowane mutum in gada kawai za a hau, lita biyu zuwa uku in za a bi doguwar hanyar ƙasa, ana kurɓa kowane minti goma sha biyar ba sai ƙishi ya zo ba. A jefa ƙunshin gishiri da sukari na ORS ɗaya a jaka. Ciwon kai da jiri da ɗaurewar jijiyar ƙafa alama ce ta a zauna a sha. Ruwan alwala a ware shi daban, kada a ci na sha.

Sutura ma tana ba da mutane kunya. Silifas da takalmi mai sulɓin ƙasa ba su da wuri a nan, domin jijiyoyin bishiya sun ratsa hanya, gansakuka ta lulluɓe duwatsu, ko da rani ƙasar ba ta rabuwa da danshi. A sa kambas mai ƙurji a tafinsa, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Babbar riga da dogon mayafi mai jan ƙasa suna saƙalewa a ragar gefen gada, kuma suna tare maka ganin inda kake taka. Mata su sa wando a ciki, hijabi gajere ko wanda aka tattare. Turare mai ƙarfi, duk da mun san rabuwa da shi da wuya, a bar shi a masauki, don yana janyo ƙudan zuma.

Wando kuwa a cusa shi cikin safa, saboda kwarkwasa. Za ka ga baƙin layi kamar igiya ya ratsa hanya, faɗinsa bai fi yatsu uku ba, manyan masu ƙaton kai sun jeru a gefe da baki buɗe. Kuskuren shi ne tsayawa kusa don ɗaukar hoto, ko tsayawa a wurin ana kakkaɓewa bayan an taka su. Ka tsallake da dogon taku, ka yi gaba kamar taku goma, ka buga ƙafa da ƙarfi, sannan ka cire na jikinka ɗaya bayan ɗaya da yatsa, don in sun kama fata shafa ba ta fitar da su. Na gaba ya riƙa faɗa wa na baya.

A kan gadar, katakon da ake takawa bai fi faɗin sawu biyu ba. Abin da ke tsorata mutane shi ne lilo, lilon kuma cunkoso da tsalle ke ƙara shi. A bar tazara kamar yadda ɗan jagora ya ce, hannu biyu a kan igiya, ido a kan dandalin da ke gaba. Hoto a ɗauka a dandalin da ke jikin bishiya. Wayar da ta suɓuce daga tsakiyar gada ta tafi ke nan, don haka a ɗaura mata igiya a wuyan hannu ko a bar ta a aljihu mai zif. Mai tsoron bisa ya gaya wa ɗan jagora tun a ƙasa, ba sai ya kai tsakiya gwiwa ta ƙi ba.

Barin hanya don yanke ko kewayawa bayan gida ba tare da an faɗa ba, shi ne mafi haɗari. Ba a shiga Kakum sai da ɗan jagora, kuma da dalili: taku ashirin cikin kurmi ya isa ka rasa gabas, rana ba ta ganuwa, duhu kuma na riga faɗuwarta sauka. Akwai kuma wata ƙatuwar kasa ta kurmi mai launin busasshen ganye, wadda ba ta gudu, kwanciyarta take yi. Kada a sa hannu cikin rami ko ƙarƙashin gungume. In tsautsayi ya sa maciji ya yi sara, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da igiya, duk waɗannan ƙara ɓarna suke. A cire zobe ko agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti.

Ba wa biri abinci ma kuskure ne, ko da ayaba ce. Wanda ya je gandun Lekki a Legas ya ga ƙarshen abin: birai sun saba da hannun mutane har suna fizge leda. Abinci ya zauna cikin jaka a rufe, shara kuma a fito da ita.

Game da lokaci, ruwa ya fi ƙarfi daga Mayu zuwa Yuli, ya sake dawowa wajen Satumba da Oktoba. Disamba zuwa Fabrairu hanya ta fi daɗin bi, amma ko a lokacin a riƙe 'yar rigar ruwa da leda ta naɗe waya. Mai tasowa daga Najeriya ko Nijar ya tabbata katin rigakafin shawara yana tare da fasfonsa, ana tambayarsa a kan iyakar Gana, kuma allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki.